Ranar da kwamfuta ta ƙi buɗe littafin bashi

Kantin sayar da magunguna ne na sari, mai kwamfuta huɗu: biyu a gaba inda ake yanka rasit, ɗaya a sito, ɗaya a ofishin akanta. Da safiyar wata Asabar aka kira ni, manhajar lissafi ta ƙi buɗewa. Na tarar da mai kantin a tsaye, hankalinsa bai wani tashi ba. Ya miƙo mini filashi ya ce, "Injiniya, ba komai ai, muna da bakof," wato kwafin ajiya. Kullum da yamma yaron ofis yakan kwafe fayil ɗin lissafin ya zuba a ciki, bai taɓa fashi ba. Na gwada kwafin, shi ma ya ƙi. Na ce, "Ranka ya daɗe Alhaji, akwai na shekaranjiya, ko na makon jiya?" Babu. Kowane sabon kwafi kan na jiya yake hawa ya shafe shi. Jiya da la'asar an ɗauke wuta ana tsakiyar ciniki, da aka tashi kuma yaron ya kwafe fayil ɗin da ya riga ya lalace, ya danne lafiyayyen ƙarshe da shi.

Kayan sito ana iya sake ƙirga su. Abin da ya sa Alhaji ya nemi kujera ya zauna shi ne littafin bashi: ƙananan kantuna da asibitoci da suka ɗauki kaya, wa ya biya rabi, wa ya rage nawa. Duk yana cikin fayil ɗin nan guda.

Mutum zai yi mamakin yadda ɗauke wuta na daƙiƙa ɗaya zai ɓata aikin shekaru. Dalilin yana cikin yadda aka gina rumbun bayanai, wato ma'ajiyar da manhaja ke zuba lissafinta a ciki. A ido fayil ɗaya ne, amma cikinsa an yanka shi shafi-shafi, kowane shafi da girmansa ƙayyadadde. A manhajojin da ke sarrafa rumbu, waɗanda ake kira injin rumbu, irin su SQL Server da PostgreSQL, shafi kilobayit 8 ne, a InnoDB na MySQL kilobayit 16. Shafukan nan suna nuni da junansu: wannan yana cewa ci gabana yana shafi kaza, wancan fihirisa ce da ke faɗin inda sunan kowane abokin ciniki yake. Idan kashiya ta sayar da katan ɗaya bashi, rubutu ɗaya ta gani a allonta, amma a ƙarƙashi an taɓa wurare da dama. An rage katan a shafin sito, an ƙara layi a shafin ciniki, an ɗora kuɗin a kan bashin mai saye, an gyara fihirisar kowannensu. Wuta ta ɗauke bayan an rubuta biyu, saura ba a kai gare su ba, to lissafi ya saɓa. Wannan ma da sauƙi. Faifan ajiya yana rubutu ne gutsure-gutsure, bayit 512 ko 4,096 a lokaci guda, saboda haka shafi ɗaya ma yana iya tsagewa, rabinsa sabo rabinsa tsoho. In tsagewar ta faɗa kan shafin da ke riƙe da taswirar sauran, manhaja ba ta ma san ta inda za ta fara karatu ba. Bayanan suna nan kwance a faifai, hanyar isa gare su ce ta ɓace.

Masu gina manyan rumbuna sun daɗe da sanin wannan, kuma maganin da suka samo ɗan kasuwa ya san shi tun kafin kwamfuta. Mai shago yakan riƙe ɗan ƙaramin littafi a aljihu, duk abin da ya fita ya rubuta nan take, sai dare ya zauna ya juye cikin babban littafi. Ko da barci ya ɗauke shi yana tsakiyar juyewa, da safe ƙaramin littafin zai nuna masa inda ya tsaya. Haka injin rumbun bayanai na ƙwarai yake yi. Kafin ya taɓa ainihin shafukan, sai ya rubuta abin da yake shirin yi a wani kundi na daban, ya tabbatar ya zauna a faifai. Wuta ta dawo, ya buɗe kundin: cinikin da aka kammala ya ƙarasa shigar da shi, wanda aka bari a rabi ya warware shi kamar ba a fara ba. Sai dai duk wannan ya dogara ga faifai ya faɗi gaskiya. Faifai masu araha da yawa sukan ce "na rubuta" alhali abin yana ƙwaƙwalwarsu ta wucin gadi, domin su nuna sauri. Faifan zamani nau'in SSD da aka ƙera domin saba, wato kwamfutar da ke riƙe wa sauran kwamfutoci bayanai, yana da ƴan ƙananan ma'ajiyar lantarki a jikinsa da ke ba shi damar ƙarasa rubutun in wuta ta yanke. Na kasuwa da muke sakawa a laftof galibi ba shi da su.

Yanzu ga inda ƙananan kasuwanci suka fi faɗawa rami, kuma a nan nake so mai karatu ya tsaya. Manhajojin lissafi da na kanti iri biyu ne ta fuskar yadda kwamfutoci ke taɓa rumbun. A iri na farko, fayil ɗin yana zaune a wata folda da aka buɗe wa kowa a netwok, kowace kwamfuta tana miƙa hannu ta cikin waya tana rubutu a cikinsa da kanta. Microsoft Access haka yake aiki, da tarin manhajojin da matasanmu masu rubuta manhaja suka gina a kansa suka sayar wa makarantu da kantuna. Kamar a shimfiɗa littafi guda a tsakar gida ne, mutum huɗu kowa da alƙalaminsa. Ba sai kwamfutar da ke riƙe da fayil ɗin ta mutu ba. Ta sito kaɗai ta mutu tana tsakiyar rubutu, ko wani ya taka waya, ko Wi-Fi ya yi ɗan numfashi, fayil ɗin kowa ya samu rauni. Kwamfuta huɗu ƙofa huɗu ce ta lalacewa. Ga kuma iyakar girma: fayil ɗin Access ba ya wuce gigabayit 2, kuma tun kafin ya kai can yake fara nauyi. Hatta masu SQLite, wani ƙaramin tsarin rumbu wanda yake da ƙarfi sosai in yana cikin na'ura ɗaya, sun gargaɗi mutane a rubuce game da ajiye shi a foldar netwok, saboda tsarin kulle fayil ta netwok ba abin dogaro ba ne.

A iri na biyu akwai magatakarda guda. Injin rumbun, ko SQL Server ne ko PostgreSQL ko MySQL, yana zaune a kwamfuta ɗaya, shi kaɗai ke riƙe da alƙalami. Sauran kwamfutoci saƙo suke aika masa: sayar da kaza, cire kaza. Kwamfutar kashiya ta mutu a tsakiyar magana, magatakardan ya jira, bai ji ƙarshen saƙo ba, ya soke cinikin. Ƙofofin nan huɗu sun koma ɗaya, kuma ƙofa ɗaya ana iya yi mata gadi. Shi ya sa idan mai kasuwanci ya tambaye ni wace saba zai saya, nakan fara tambayarsa wane iri ne manhajarsa. Wanda ya sayi saba ta miliyoyi ya ɗora fayil ɗin Access a kanta, kwamfutoci na shiga ta Wi-Fi, bai rage haɗarinsa da komai ba. Kafin a biya kuɗin manhaja ya kamata a yi wa mai sayarwa wannan tambaya, in ya kasa amsawa a nemi wani.

Akwai kuma lalacewar da ba ta ihu. RAM, ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, takan juya lamba ɗaya ba tare da kowa ya sani ba, kuskuren ya sauka faifai ya zauna. Wani bincike da aka buga a 2009 kan sabobin Google ya gano cewa sama da kashi 8 cikin 100 na sandunan RAM suna samun kuskure a shekara. Sabobi na gaske suna amfani da RAM nau'in ECC mai gano kuskure ya gyara, kwamfutar ofis ta yau da kullum ba ta da shi. Irin wannan rauni yakan yi makonni a shafin da ba a cika buɗewa ba, kullum kuma ana kwafe shi ana adanawa, sai ranar haɗa lissafin ƙarshen shekara ya bayyana. SQL Server yana da umarnin DBCC CHECKDB da ke bin shafukan ɗaya bayan ɗaya yana duba lafiyarsu. Sau ɗaya a mako ya isa ƙaramin kanti.

Kada a ɗauka rashin ilimi ne ya kayar da kantin Alhaji. Ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniya a kamfanin GitLab, inda masu rubuta manhaja daga ko'ina a duniya ke ajiye ayyukansu, yana ƙoƙarin gyara saba ta biyu da ta kasa bin ta farko. Dare ya yi, ya gaji. Ya ba da umarnin goge foldar rumbun, a zatonsa yana kan ta biyun, ashe yana kan uwar. Kafin ya farga ya tsayar, kimanin gigabayit 300 sun tafi. Suka juya ga kwafin ajiya, suna da hanyoyi har biyar. Wadda suka fi dogara da ita, mai kwafe rumbun kullum ta aika ma'ajiyar intanet ta kamfanin Amazon, sai suka tarar da ma'ajiyar wayam. Rumbun yana kan PostgreSQL 9.6, manhajar kwafewar kuwa ta 9.2 ce, kullum takan tashi ta kasa ta kwanta. Tana aika imel na sanar da gazawar, amma sabar imel tana mayar da saƙon saboda bai cika wata ƙa'idar tantancewa ba, don haka ba wanda ya taɓa gani. Wata hanyar kuma ba a ma kunna ta a kan sabobin rumbun ba. Abin da ya cece su wani kwafi ne da injiniya ya ɗauka da hannu kimanin awa 6 kafin haɗarin, don wani gwaji na daban. Maido da shi ya ci kusan awa 18, kuma sun rasa ayyuka kimanin 5,000, sharhi kimanin 5,000, da asusun sababbin masu amfani kimanin 700. Ina girmama su da yadda suka bayyana komai a fili, har suka haska aikin gyaran kai tsaye a YouTube. A bayanin da suka fitar sun amsa cewa babu mutum guda da aka ɗora wa alhakin gwada maido da kwafin.

Wannan ita ce cutar da ta haɗa su da kantin magani. Kowa yana ganin ana yin kwafi, ba wanda ya taɓa buɗe shi ya gani. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, kuma kwafin ajiya ba a sanin ingancinsa sai an maido da shi, an shiga manhaja, an ga lissafi ya fito daidai.

Abubuwa uku ake yawan kira bakof alhali ba su kai ba. Na farko, jawo fayil ɗin rumbu zuwa filashi yayin da manhaja ke buɗe. Kwafewa na ɗaukar lokaci, ana kwafe farkon fayil ana canja ƙarshensa, abin da zai fito tsagagge ne tun daga haihuwa. Ko dai kowa ya fita daga manhajar tukuna, ko a yi amfani da hanyar kwafi ta injin rumbun kansa. A nan akwai wani tarko: SQL Server Express, na kyauta wanda yawancin manhajojin kanti ke zuwa da shi, ban da iyakar gigabayit 10 da yake da ita har zuwa fitowar 2022, ba ya zuwa da sashen da ke gudanar da ayyuka bisa jadawali. In wanda ya girka bai haɗa jadawalin kwafi ta Windows da hannunsa ba, to babu abin da ke gudana. Na biyu shi ne RAID, wato faifai biyu ko fiye da ke rubuta abu ɗaya tare. Yana da amfani ƙwarai ranar da faifai ɗaya ya mutu, aiki ba zai tsaya ba. Amma madubi ne, abin da ya gani shi yake nunawa: an goge a nan, an goge a can, a daƙiƙa guda. Na uku shi ne ajiye rumbun a foldar Google Drive ko OneDrive ko Dropbox. Waɗannan suna aika duk canjin da suka gani, har da lalacewa, kuma taɓa fayil ɗin rumbu da suke yi yana buɗe na iya zama shi ne sanadin lalacewar. A tura musu kwafin da aka gama aka rufe, mai ɗauke da kwanan wata a sunansa, wannan daidai ne.

Kwanan watan nan shi ne abin da Alhaji ya rasa. Da ana ajiye na kwana bakwai a jere, da na ƙarshen kowane mako na wata guda, da na ƙarshen kowane wata na shekara, da asararsa ba ta wuce cinikin yini ɗaya ba. Rumbun ƙaramin kanti bai cika girma ba, faifan waje mai terabayit 1 zai ɗauki ɗaruruwan kwafinsa.

Masu sana'ar suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a Maris ɗin 2016 ba ya bukatar a yi masa bayanin kashi na ƙarshe. Faifan da ke cikin durowa ƙarƙashin saba tare za su ƙone, tare ɓarawo zai kwashe su. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cibiyoyin bayanai na OVHcloud, kamfanin da ke ba da hayar saba, a Strasbourg ta Faransa, kuma akwai abokan hulɗar da kwafinsu na ajiya yake a harabar, suka rasa duka biyun.

Ni kuwa nakan ƙara sharaɗi guda, cewa kwafi ɗaya ya kasance a cire, ba ya haɗe da komai. A ranar 27 ga Yunin 2017 mugunyar manhajar nan NotPetya ta shiga kamfanin jiragen ruwa na Maersk ta hanyar wata manhajar lissafin haraji ta Yukren, ta bi netwok ɗinsu ta ƙasashe ta ruguza kwamfutoci. Sabobin da ke riƙe da sunayen ma'aikata da izinin shigarsu, kimanin 150, kowacce madadin ƴar'uwarta ce, kuma da yake duk suna haɗe, tare suka tafi. Sai guda ɗaya a ofishinsu na Ghana, wadda ɗaukewar wuta ta raba ta da netwok kafin harin. Ma'aikatan can ba su da bizar Ingila, sai ɗaya ya hawo jirgi da faifan zuwa Najeriya, ya miƙa wa wani a filin jirgi, shi kuma ya wuce da shi Landan. Daga wannan faifai aka fara tayar da kamfanin, aka sake girka saba 4,000 da kwamfuta 45,000 cikin kwana 10, asarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Manhajojin garkuwa da bayanai na yanzu da gangan suke farautar kwafin ajiya kafin su kulle sauran. Faifan wajen da ke maƙale da saba dare da rana yana cikin abin da za su kulle. Faifai biyu ake so ana musanyawa, ɗaya na aiki, ɗaya na gidan mai kanti, kuma a kulle su da kalmar sirri, domin sunayen mutane da lambobinsu da basussukansu ne a ciki, ga kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 da ta ɗora wa mai riƙe da su alhakin tsare su.

To wace saba? Ga kanti mai kwamfuta uku zuwa goma, ra'ayina shi ne kwamfuta ɗaya mai kyau da aka keɓe, ba mai zama a gabanta, ba mai buɗe WhatsApp ko saka filashi a jikinta, ta fi babbar saba da akanta ke aiki a kai. Windows 10 da 11 suna yarda da haɗi 20 ne kawai a lokaci guda wajen raba fayil, wanda ya ishi ƙaramin wuri. In an doshi wannan adadi, ko wurin asibiti ne da ba ya rufewa, lokacin ƙaramar saba ta gaske ya yi, mai ECC da faifai biyu na madubi, irin su Dell PowerEdge ko HP ProLiant. Masu sayen na hannu su kula: jikin injin yakan yi ƙarko, amma faifan da ya zo da shi ya riga ya sha aiki, a sa sabo. A duba kuma wace Windows ce ke kanta, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows Server 2012 R2 tun Oktoban 2023, Windows 10 kuma a Oktoban 2025. A haɗa ta da sauran kwamfutocin da waya, a bar Wi-Fi wa wayoyin hannu.

Kuɗin da aka rage a nan a zuba shi a wuta. Inbata da sola suna da kyau, amma ɗan tsaikon da ake samu wajen sauyawa daga wutar NEPA zuwa janareta ya isa ya kashe kwamfuta. UPS ake bukata a tsakani, wato akwatin batir da ke riƙe kwamfuta nan take in wuta ta yanke, kuma irin mai wayar USB da ke shiga sabar, wanda in batir ya kusa ƙarewa zai umarce ta ta rufe kanta cikin tsari. Sau da yawa nakan tarar da wayar nan a cikin kwalinta ba a taɓa warware ta ba. A sa suwic ɗin netwok, akwatin da wayoyin kwamfutocin ke haɗuwa a cikinsa, shi ma a kan UPS ɗin. Batirin kuma ba ya son zafi: kowane ƙarin digiri 10 a kan 25 yana cinye kusan rabin ransa, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40. UPS ɗin da ke nuna koriyar fitila amma ba ya riƙe minti ɗaya yana da yawa a ofisoshinmu, sai an zare filogi da gangan ake gane shi. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka, a riƙa busawa.

Saura masu cewa a kwashe komai a kai sabar haya a intanet a huta. Akwai gaskiya a ciki, domin wuta da sanyaya ɗaki da canjin faifai duk sun koma wuyan wani. Amma ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Kwaddibuwa, har bankunan Najeriya sai da suka ji a jikinsu. A Oktoban wannan shekarar kuma yawancin jihohin Arewa sun yi sama da mako guda babu wutar gwamnati. Kantin da ba zai iya yanka rasit ba sai da netwok, ranar da netwok ya tafi ya rufe. Ga hayar da ake biya da dala, bayan naira ta tashi daga wajen 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Abin da nake ba da shawara ga mai kanti ɗaya shi ne rumbun ya zauna a kanti, kwafinsa ya riƙa hawa intanet kowane dare. Mai rassa a garuruwa daban-daban lissafinsa daban ne, sabar haya ta fi masa, da layin intanet biyu na kamfanoni daban, kuma shi ma ya riƙa sauko da kwafinsa ya riƙe a hannu.

A kantin Alhaji, wani ɓangare na bashin an tattaro shi daga kwafin rasit na takarda, sauran sai da aka bi mutane ɗaya bayan ɗaya ana tambayarsu nawa ake bin su. An sauya manhajar zuwa mai injin rumbu, an keɓe mata kwamfuta da UPS. Na roƙe shi abu ɗaya, cewa a farkon kowane wata akanta da kansa, ba ni ba, ya ɗauko faifan da ke gida, ya maido da rumbun a kan wata tsohuwar laftof, ya zaɓi abokan ciniki uku ya gwada bashinsu da na takarda, ya rubuta kwanan wata da tsawon lokacin da aikin ya ci. A gwajin farko an tsaya cak, domin kalmar sirrin buɗe kwafin tana kan yaron da ya girka manhajar, shi kuma ya tafi bautar ƙasa, sai da aka kwana biyu kafin a same shi a waya. Yanzu tana rubuce a takarda cikin ambulan, ɗaya a sef ɗin kanti, ɗaya a gidan Alhaji tare da takardun fili.